Barcin Gidan Sanusi

Idan ka tambayi mutanen Talatar Mafara abin da ya sami Sanusi mai albasa, za su ce maka karayar arziki ce ta taɓa masa kai har barci ya ƙaurace masa. Suna faɗin haka ne don su huta da zancen. Karayar arziki takan hana mutum barci na ɗan lokaci, daga baya ya gaji ya kwanta kamar kowa. Abin da ya sami Sanusi daban ne, kuma ba a Mafara ya faro ba. Daga Legas ya ɗauko shi, a cikin idanunsa.

Sanusi manomin rani ne a filayen Bakolori, ta wajen Bakura. Gonar da ya gada tana can wutsiyar kwata, wato ƙarshen magudanar da ke raba wa gonaki ruwa. Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a wurin ya san hukuncin: na bakin kwata ya sha ya ƙoshi, na tsakiya ya lallaɓa da saura, na wutsiya kuwa ya tsaya da fartanya a kafaɗa yana kallon busasshiyar laka. Haka Sanusi ya girma, yana jiran ruwan da ba ya isowa. Ilimi ɗaya ya yarda da shi a duniya: abin da ya taso daga sama ba ya kaiwa ga na ƙarshe.

Gidansa ba babba ba ne. Akwai mahaifiyarsa Inna Barira, da matarsa Hauwa'u, da 'yarsu tilo Surayya, wadda ke makarantar sakandare. Ba su taɓa kwana da yunwa ba. Kuma gidan masu barci ne, ni'imar da ba wanda yake gode wa Allah a kanta sai ya rasa ta. Surayya ce sarauniyarsu. Hauwa'u takan ce ko a bisa jaki aka ɗora ta, kafin a kai bakin gari ta fara minshari.

Shekarar da albasa ta yi kyau, Sanusi ya bi tirela zuwa Legas karo na farko. A can ya sauka wajen Mukhtar, ɗan garinsu da ke dillancin kayan gwari. Da aka sauke kaya aka sallami kowa, Mukhtar ya dafa kafaɗarsa bayan isha'i.

"Taho in kai ka ka ga duniya. Kada ka koma gida ka ce ka zo Legas alhali buhu da ƙuda kaɗai ka gani."

Mota ta haye da su wata doguwar gada, ta sauke su a bakin wani titi. Sanusi ya fito, ya tsaya kamar an dasa shi.

Babu dare a wurin. An kore shi. Tun daga ƙasa har inda wuya ke iya tanƙwarawa, fitilu ne masu launi, an lanƙwasa su sun zama rubutu, sun zama takalmi, sun zama kwalbar turare mai tsiyaya ba ta ƙarewa. Ja ya mutu, kore ya tashi, kore ya mutu, shuɗi ya zuba a kan fuskokin mutane har baƙi da fari suka zama launi ɗaya. An yi yayyafi, kwalta ta jiƙe, sai titin ya zama wani birni na biyu a kife ƙarƙashin ƙafafunsa. Kiɗa na fita daga kowace ƙofa, ba wanda ke jiran wani. Bayan gilasai, mutum-mutumi marasa fuska sun sha tufafin da ko ango bai taɓa sawa ba a Mafara. Mutane na shiga suna fita da jakunkuna, ba mai taya ciniki, ba mai rantsuwa, ba mai kallon sama ya ga ko hadari ya haɗu.

"Mukhtar, yaushe suke rufewa?"

"Wa ya hwaɗa maka ana rufewa? Nan ba a kwana."

"Wutar fa? Ba a ɗaukewa?"

Mukhtar ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai dai baƙauye na! Rufe bakinka kada ka haɗiye musu fitila guda a ce mu biya."

Suka yi ta tafiya. Ƙafafun Sanusi sun gaji amma sun ƙi tsayawa. Ya shiga wani kanti don ya duba wa Surayya takalmi. Sanyi ya doke shi a fuska. Budurwar da ke tsaron wurin ta yi masa murmushi, ta ja da baya kaɗan, kuma da ya juya zai fita ya ji ƙarar fesa turare a bayansa. Sai a lokacin ya ji warin albasar da ke jikinsa, warin da ya rayu a cikinsa tun yana yaro bai taɓa ji ba.

A ƙarshen titin ya ga gadon. Yana bayan wani faffaɗan gilashi, shi kaɗai, fari fat, da matasai jere kamar gajimare, wata fitila ja tana kewaya shi tana numfashi. Ba kowa a kai. Sanusi ya manna goshinsa a gilashin ya tuna tsohuwar katifar Inna Barira.

"Wanga gado," in ji shi, "sai na kai shi gidanmu."

"Allah shi ba ka iko," in ji Mukhtar yana hamma. "Mu tai, ni barci nake ji."

Da ya dawo, Mafara ta yi masa duhu. Tuwo ya daina daɗi. Idan ya zauna sai ya miƙe, idan ya miƙe bai san inda zai nufa ba. Ya je gona ya kalli kwatar da ta bushe, ya rufe ido, ja da kore suka ci gaba da wasa a bayan fatar idonsa.

"Baban Surayya," in ji Hauwa'u wata safiya tana miƙa masa kunu, "jikinka ya dawo, amma kamar ka baro kanka cikin tirela. A aika a ɗauko?"

Bai yi dariya ba.

Mai neman hanyar ɓata ba ya rasa ɗan jagora. Wani masunci ne ya raɗa masa labarin wani boka da ake kira Na-Kufai, ya kuma gaya masa abin da ake zuwa da shi: ƙyalle daga matashin kowane mutum da ke kwana a gidan, har da nasa. Sanusi ya jira mata suka tafi gidan suna, ya bi ɗakuna da reza.

Can bayan Maradun, inda ruwan dam yake ja da baya idan rani ya tsananta, akwai kufan wani ƙauye da ruwa ya haɗiye tun da daɗewa. Bangayen ɗakunan sukan fito baƙi ƙirin, kamar haƙoran gawa. Da tsakar rana Sanusi ya isa, laka tana tsagewa ƙarƙashin takalminsa. Ba tsuntsu, ba iska. Ɗaki ɗaya ne aka yi wa jinka da ruɓaɓɓiyar ciyawa. A ciki an jera ƙasusuwan kifi a bango, da tsofaffin matasai rataye a igiya, sun yi baƙi, audugarsu na zubowa. A bisa wata fasasshiyar randa mujiya ce zaune, idanunta buɗe da rana tsaka. Na-Kufai yana tsugune a gefenta, ɗan siririn tsoho, idanunsa jajur. Sanusi ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya daɗe kafin ya gane abin da ke damunsa game da fuskar tsohon: ba ya ƙiftawa.

"Mi ka taho nema?"

"Haske," in ji Sanusi. "Kanti nake so irin na Legas, wanda ba a kashe wutarsa. Da dukiyar da za ta riƙe shi." Ya matso kusa. "Amma ka ji da kyau, ba ni ba da jinin kowa."

"Wa ya roƙe ka jini? Mahauci ka gani?" Tsohon ya tofar da yawu. "Wanda nake wa aiki ba shi barci. Tun da aka halicce shi bai taɓa ba, kuma shina sha'awa. Barci yake saye."

"Barci kaɗai?"

"Kaɗai. Muddin wutarka na ci, shina ɗiba daga gidanka."

"Kamar yaya yawansa?"

"Ba ni ke awo ba."

"In na gaji da cinikin fa?"

"Ka kashe wutar da hannunka. Ran nan zai bar ɗiba, dukiya ta koma inda ta hito. Abin da ya ɗiba dai ya ɗibu." Leɓen tsohon ya motsa kamar zai yi murmushi. "Kowa sai na hwaɗa mashi haka, don kada a ce na yi zamba. Ban ga wanda ya kashe da wuri ba."

Ya ɗauki wani ƙaho ya ja layi a ƙasa, ya fitar da fangali huɗu a jikinsa, ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda ake tsara gonar albasa.

"Jera su."

A nan ne zuciyar Sanusi ta kwanta, domin an kawo shi fagen da ya sani. Kwata ce. Ya sa ƙyallen Inna Barira a baki, yana gaya wa kansa cewa tsofaffi dama ba su cika barci ba, ɗan abin da za a ɗiba ba za ta ji ba. Ya sa na Hauwa'u. Ya sa na Surayya, mai barcin da ya ishi mutum uku. Nasa ya ajiye a wutsiya.

Na-Kufai ya kamfato wani baƙin ruwa daga randar, ya tsiyaya a bakin layin yana gunaguni. Ruwan ya gangara a hankali, ya shiga fangalin farko, ya tsaya. Mujiya ta juya kai. Sanusi ya saki ajiyar zuciya.

"Kai manomin wutsiya na," in ji tsohon.

"Ya aka yi ka sani?"

"Na ga inda ka aje kanka."

Dukiya ta zo kamar an fasa dam. A shekarar, albasar da mutane suka adana ta ruɓe a rumbuna, tasa ko ɗaya ba ta yi tabo ba, kuma ta yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Duk abin da ya taɓa sai ya haihu. Kafin wani rani ya zagayo ya gina kanti mai hawa biyu a bakin babban titi, gabansa gilashi zalla. Daga Legas aka kawo fitilun, da masu ɗaura su, da janareta mai girman ɗaki. Samari suka riƙa hawa kabu-kabu daga Bakura da Maradun don kawai su ɗauki hoto a gaban ja da koren. Waɗanda suka saba kiransa Sanusi na wutsiya suka koma cewa Alhaji tun bai ga Makka ba. Ya cika alkawari kuma: farin gado ya iso, aka shigar da shi ɗakin Inna Barira da ƙyar.

Ba ta taɓa barci a kansa ba.

Da farko abin dariya ne. Ta ce gadon ya yi mata laushi, ta koma tabarma. Tabarma ma ta ƙi. Sai aka riƙa wayar gari a tarar ta share tsakar gida ta sake sharewa, ta zauna tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa. An kai ta asibiti, an ba ta ƙwayoyin da za su kwantar da bijimi, ta haɗiye tana kallon rufi. An yi rubutu ta sha. Ta rame, ta fara amsa sallamar mutanen da suka daɗe a kabari.

"Sanusi," ta ce masa wata la'asar, ta riƙe bakin rigarsa, "idanuna sun mance hanya. Ka taimake ni, ɗana. Ko ƙiftawa guda mai nauyi."

Ya fita ya tafi kanti. Ya tsaya gaban makunnin wutar, ya daɗe. Sai ya tuna azumi ya ƙarato, kayan Sallah na kan hanya. Ya gaya wa kansa tsufa ne.

Ta rasu idanunta a buɗe. Matan da suka yi mata wanka sun yi ta shafawa, suka ƙi rufuwa, sai da aka ɗaure da ƙyalle. Sanusi ya yi kuka na gaskiya, kuma a ƙarƙashin kukan akwai wani ɗan sanyi da bai gaya wa kowa ba: bakin kwata ya sha, an gama.

Ba a tashi daga zaman makoki ba Hauwa'u ta daina barci.

Ita ba tsohuwa ba ce, kuma ba wawiya ba ce. Wata rana da hantsi ta shigo ɗakinsa da matasai uku, ta zube su a gabansa. Idanunta sun faɗa, sun yi ja.

"Ina kwashe kayan Inna na ga an yanke gefen matashinta. Na duba nawa. Na duba na Surayya. Ɓera ba shi yanka da reza, Baban Surayya."

"Rashin barci na ke sa ki..."

"Kada ka raina min hankali, ɗan abin da ya rage." Ta zauna a ƙasa. "Ban tambaye ka inda ka je ba. Kai da Allah. Ni na riga na shiga, na sani. Yarinyar nan nake roƙo. Akwai abin da ke tsai da shi?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "In na kashe wutar."

"To tashi."

"Bayan Sallah. Wallahi bayan Sallah. In na kashe yanzu komai ya tafi, mu koma wutsiyar kwata muna kallon laka. Kuma ba ya kaiwa gare ta, Hauwa'u. Na san kwata. Ba ta kai ƙarshe."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Ta Bakolori ruwanta ke ƙarewa a hanya. Wagga ƙishirwa ta, Sanusi. Ka taɓa ganin ƙishirwa ta ƙare don an sha na wani?"

Tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ran nan.

Ranar kasuwa, rana tsaka, aka ga matar Alhaji ba mayafi, da taɓarya a hannu, tana dukan fitilun kantin mijinta. Gilashi ya watse a titi. Mutane suka taru suna salati, aka riƙe ta aka mai da ita gida, kowa na cewa Allah sarki, ta zare. Da hannunsa Na-Kufai ya ce a kashe, ba da nata ba, kuma ko da hannunta ne, kafin magariba Sanusi ya sa an ɗaura sababbi. Ran nan wutar ta fi kullum kyau.

Ba ta ga Sallah ba. An same ta zaune a gindin turmi, ta jingina da shi, tana kallon ƙofar ɗakin 'yarta.

Gidan da matar gida ta bari yana da wani irin shiru da ba ya kama da kowane shiru. Tukunya tana nan, tsintsiya tana nan, igiyar shanya tana nan da zanen da ba wanda ya iya saukewa. Wasu mazan ƙaddara ce ke jefa su cikin wannan shirun, su yi ta cizon yatsa ba laifinsu. Sanusi da ƙafarsa ya je ya sayo nasa.

Ya zuba wa Surayya ido. Kwana na farko ya ce baƙin ciki ne. Na biyu ma haka. Yarinyar da ke minshari a bisa jaki ta koma zagaya tsakar gida, daga rijiya zuwa zaure, daga zaure zuwa rijiya, tana ƙirga abin da ba kowa ke gani ba. Sallah saura ƙiris, kanti ya cika maƙil, mutane har titi. Kullum da safe yakan ce yau zai kashe. Kullum da yamma yakan ce gobe.

Ranar jajibere ta tsaya a gabansa. Leɓenta ya tsattsage.

"Baba, Inna da Mama sun ce in tambaye ka. Mi muka yi maka?"

Sai ta fashe da dariya, dariyar da ba ta tsaya ba.

Da gudu ya isa kanti, ya ture masu ciniki, ya kama makunnin da hannu biyu ya ja. Ja ya mutu, kore ya mutu. Janareta ya yi tari, ya yi aman wuta, kafin a kawo ruwa benen ya kama. Washegari, ranar Idi, warin ruɓaɓɓiyar albasa ya tashi daga rumbunansa ya rufe unguwa, har masu dawowa daga masallaci suna toshe hanci da hannun sababbin riguna. Ya koma kufai neman tsohon, ya tarar ruwa ya dawo ya shafe wurin, shimfiɗe lumui kamar ba a taɓa yin komai ba.

Surayya ta rayu. Kawunta ya ɗauke ta zuwa Bakura. Takan ɗan runtsa yanzu, kamar kaza. Ba ta san sunanta ba, ba ta san ubanta ba, kuma idan aka kunna ko ashana a gabanta sai ta ƙwalla ihu ta shige ƙarƙashin gado.

Ga abin da mutanen Mafara ba su sani ba. Lissafin Sanusi ya yi daidai. Abin bai kai wutsiya ba. Barcinsa yana nan cif, ba a taɓa ko ƙwaya ba, mai nauyi, mai daɗi, yana jiransa duk inda ya jingina. Amma da zarar ya rufe ido sai ya ga kansa a titin nan na Legas, goshinsa manne da gilashi. Farin gadon yana nan, jar fitila tana numfashi. Inna Barira da Hauwa'u suna zaune a kai, idanunsu buɗe. Tsakaninsu akwai wuri guda da suke ta gyarawa, suna shafa zanen da tafin hannu, suna kallonsa.

Shi ya sa yake tafiya. Za ka gan shi a gefen kwalta tsakanin Mafara da Bakura, ba takalmi, yana sauri kamar mai kai saƙo. A aljihunsa akwai rabin albasa. Idan gyangyaɗi ya taso masa sai ya ciro ta ya murza a idanunsa, ya ci gaba yana hawaye.

To, kai da ka je birni ka dawo kana ƙyamar duhun gidanku, ka shiga taitayinka. Kwaɗayi ba ya fara cin mai shi. Sai ya jera masa waɗanda suka amince da shi, ya ba shi dama ya zaɓi na farko da hannunsa. Babu boka mai bayarwa. Duk masu karɓa ne, kuma ba sa karɓar abin da za ka iya mayarwa. Idan ka ci tuwonka, ka rufe ƙofarka, ka ji numfashin iyalinka yana tashi yana sauka a cikin duhu, to ka riga ka mallaki abin da wani ya ƙona gidansa bai samu ba. Ka kashe fitila, ka gode wa Allah, ka kwanta.